Mafarki Kamar Fara Ne, Da Sanyin Safiya Ake Kama Shi

A farkon shekarun 1920, a Jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya, akwai wani masanin magunguna mai suna Otto Loewi. Ya daɗe yana neman sanin yadda jijiya ke isar da saƙo ga zuciya, watau ko ta hanyar lantarki ne, ko kuwa wani sinadari take fitarwa. Wani dare sai ya yi mafarkin gwajin da zai warware masa matsalar. Ya farka cikin magagi, ya yi rubutu a 'yar takarda, ya koma barci. Da gari ya waye sai ya kasa karanta abin da hannunsa ya rubuta, mafarkin kuma ya ɓace masa sarai. Ya wuni yana cizon yatsa.

Allah ya yi masa gyaɗar dogo, a daren da ya biyo baya, wajen ƙarfe 3, mafarkin ya dawo. Wannan karon bai yi wata-wata ba, ya nufi ɗakin gwaji ya ɗauko zukatan kwaɗi biyu. Ya motsa jijiyar zuciya ta farko har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma bugunta ya ragu. Wannan ya tabbatar da cewa sinadari ne ɗan aiken. A 1936 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Henry Dale na Ingila.

Abin da ya sami Loewi a daren farko yana samun kowa. Mutane da yawa sukan ce su ba sa mafarki, alhali kuwa mantawa suke yi. A 1953, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Cikago a Amurka suka gano wani mataki na barci wanda idanun mai barci ke kai da kawo da sauri a rufe. A 1957, William Dement da Kleitman suka riƙa tashin mutane daidai wannan mataki na motsin ido, suka tarar cewa a kusan kashi 80 cikin 100 na tashin, mutanen sun iya ba da labarin mafarkinsu. Matakin yakan zagayo kamar kowane minti 90, sau huɗu ko biyar a dare, kuma na goshin asuba ya fi sauran tsawo.

To, me ke kawo mantuwar? Masana sun nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta cika ajiye sabon abu ba muddin mutum yana barci. A lokacin motsin ido, wani sinadari mai suna noradiranalin, wanda ke taimakawa wajen mai da hankali da riƙe abu, yakan yi ƙasa ƙwarai. Saboda haka mafarki ba ya samun wurin zama sai mutum ya farka ya tsaya a kansa. Wani bincike da Perrine Ruby da abokan aikinta suka buga a 2014 daga birnin Liyon na Faransa ya ƙarfafa wannan, domin lokacin da masu yawan tuna mafarki ke yi a farke cikin dare ya kusan ninka na masu mantawa.

Wanda ke son inganta wannan baiwa, abu na farko shi ne ya ba barci haƙƙinsa, sa'a bakwai zuwa takwas. Ɗalibin da ya raba dare yana karatu ya tashi da jijjifi ya yanke wa kansa matakin da ya fi wadatar mafarki. Barasa da wasu ƙwayoyin sa barci su ma suna rage shi.

Na biyu, ya kwanta da niyyar tunawa, ya ajiye littafi da biro kusa da matashinsa. In ya farka kada ya zabura, kada ya kunna rediyo ko ya duba waya, kada kuma tunanin ofis ko jarrabawa ya riga shi. Ya ɗan kwanta shiru ido a rufe, ya kama ko da ɗan guntun abin da ya gani a ƙarshe, fuska ce ko wuri, ya bi shi baya-baya kamar mai warware zare. Sa'an nan ya rubuta nan take, da kwanan wata, cikin rubutun da zai karantu gobe.

Ba da labarin mafarki da sassafe shi ma yana kafa shi a zuciya. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambayi sahabbansa bayan sallar asuba ko akwai wanda ya yi mafarki. Amma mugun mafarkin da ke ta maimaituwa har ya hana mutum barci, wannan a kai shi ga likita.

Ba kowane mafarki ne ke ɗauke da irin abin da Loewi ya samu ba, amma wanda ya bari hantsi ya ɗaga ba zai san abin da ya kuɓuce masa ba. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara.