Ƙurar katako: Yadda mazurarin guguwa zai kare huhun kafintocin Kiru da kewaye

Da zarar kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, sai bukukuwan aure su kankama a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Lokacin ne kasuwar kafintoci ke buɗewa. Iyayen amare na neman gado da sif da kujeru, masu sabon gini na neman ƙofofi da katakon rufi, injin yanka kuwa ba ya hutawa sai an ɗauke wuta ko man janareto ya ƙare.

Lokacin ne kuma hunturu ke busawa. Shi ya sa idan yaron shago ya kama tari da atishawa, ko hancinsa ya toshe, sai a ɗora wa sanyi laifi. Ba kasafai ake waiwayar garin katakon da ya kwanta a kan girarsa da gashin kansa ba.

Akwai wata na'ura mai sauƙi da za ta iya kwashe mafi yawan wannan gari tun daga bakin inji. Injiniyoyi na kiranta saikulon, a Hausance kuwa za a iya ce mata mazurarin guguwa. Ba ta da wani ɓangare mai motsi a cikinta, kuma ƙwararren mai walda zai iya haɗa ta da falankin ƙarfe.

Illar da ba ta nuna kanta da wuri

Abin da injin kafinta ke fitarwa iri uku ne. Akwai ɓawon da injin gyaran fuskar katako ke ferewa, akwai dusar da zarto ke zubarwa, sannan akwai ƙura mai laushi kamar hoda wadda gugar samfefa ke tayarwa. Biyun farko ƙasa suke faɗawa, a share su. Ta ukun ce ke daɗewa tana yawo a iska, kuma ita ake shaƙa.

A shekarun 1960, likitoci a Ingila sun lura cewa wani nau'in sankarar hanci, wanda da wuya a gan shi a tsakanin sauran jama'a, ya yi yawa a garin High Wycombe, cibiyar ƙera kujeru ta ƙasar a wancan zamani. Da aka bi diddigi, sai aka tarar masu aikin katako ne ke kamuwa, yawanci bayan sun shafe shekaru da dama a cikin sana'ar. A shekarar 1995, cibiyar binciken cutar sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya ƙurar katako a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

Kafin a kai ga haka ma, akwai asma da ƙaiƙayin ido da ƙurajen fata. Katakon iroko da obece, waɗanda tireloli ke kawowa daga Kudu zuwa kasuwannin katako irin ta Na'ibawa a Kano, suna cikin itatuwan da aka san ƙurarsu na tayar da asma. Allunan MDF da ake yin sif da kabad na zamani da su kuwa, ƙurarsu ta fi laushi, ga kuma sinadarin gam da aka manne su da shi.

A Birtaniya, doka ta ƙayyade cewa ƙurar katako mai tauri kada ta wuce miligiram 3 a kowace mita ɗaya ta iska, tsawo da faɗi da tsayi, idan an auna a aikin awa takwas. A ɗauki shago mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, tsayin mita 3. Bisa wannan ƙa'ida, duk ƙurar da ya kamata ta kasance a iskar shagon ba ta wuce miligiram 180 ba, wato ba ta kai nauyin rabin ƙwayar farasitamol ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai goge ƙofa da inji ya san abin ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Dokar Masana'antu ta Najeriya ita ma ta wajabta wa masu masana'antu ɗaukar matakin kare ma'aikata daga shaƙar ƙura. Sai dai ƙaramin shagon bakin titi a Kwanar Ɗangora ko Kafin Maiyaki, mai shi ne kaɗai zai sa wa kansa ido. Kuma a irin waɗannan shaguna, aikin guga ƙananan yara masu koyon sana'a ake bar wa, ma'ana su ne ke shan kaso mafi tsoka na ƙurar.

Yadda mazurarin ke aiki

Manomin da ya taɓa ganin guguwar rani ta ratsa fako ya riga ya ga rabin bayanin. Iska na juyawa, tana watsa yashi da tsakuwa gefe, tsakiyarta kuma na yin sama.

Mazurarin guguwa gwangwani ne a tsaye, samansa kamar ganga, ƙasansa ya tsuke kamar mazurarin ɗura mai. Fanka ce ke zuƙo iska mai ɗauke da dusa daga bakin inji ta cikin bututu. Iskar ba ta tsakiya take shiga ba, ta gefe take shiga, don haka dole ta bi bango tana kewayawa tana gangarawa. Garin katako ya fi iska nauyi, sai juyin ya maka shi da bango, ya zame ya faɗa cikin duron da ke ƙasa. Iskar kuwa idan ta kai wurin da ya tsuke sai ta juyo sama ta tsakiya, ta fita ta wani bututu da aka zura daga murfi.

Dabarar ta daɗe. A shekarar 1885 wani Ba'amurke mai suna John Finch ya yi rajistar na'urar tattara ƙura mai aiki da juyin iska. James Dyson na Ingila, wanda ya shahara da injin shara marar jaka, a wurin yankan katako ya ga irinta a ƙarshen shekarun 1970, sannan ya ƙanƙantar da ita.

A nan gida ma ba baƙuwa ba ce. Gwangwanin nan mai tsini da ake gani a saman injin hamma, a wuraren niƙa masara da haɗa abincin kaji, wanda gari ke zubowa ta ƙasansa cikin buhu, shi ne wannan na'ura. Kamfanonin casar shinkafa na zamani ma da irinta suke raba dusa da iska. A yankin da ya yi suna wajen noman masara da sarrafa shinkafa kamar Tudun Wada da Doguwa, ba za a sha wahalar samun mai waldar da ya taɓa gyara ko haɗa irinta ba.

Me ya sa ba a tsaya ga buhu ba?

Wasu kan ɗaura buhu ko jakar yadi a bakin fanka. Matsalar ita ce jakar kan toshe cikin ɗan lokaci, ƙarfin zuƙa ya ragu, sannan ƙura mai laushi ta riƙa bi ta saƙar yadin tana komawa cikin shago. Bugu da ƙari, duk guntun katako ko ƙusar da aka zuƙo sai ta doki fukafukan fankar.

Idan aka sa mazurari tsakanin inji da fanka, ɓawo da dusa da ƙusoshi duk a duro za su tsaya. Fanka za ta daɗe, matata ba za ta riƙa toshewa ba, zuƙa kuma ba za ta yi rauni ba.

Awon da za a kai wa mai walda

Sirrin na'urar na cikin awonta. Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka fi amfani da su shi ne na wani injiniyan Birtaniya mai suna Stairmand, wanda ya fitar a shekarar 1951, kuma komai a cikinsa da faɗin gangar ake auna shi.

Idan faɗin gangar santimita 30 ne, tsayinta zai zama santimita 45, mazurarin da ke ƙasanta kuma santimita 75. Ƙofar shigar iska mai kusurwa huɗu ce, tsayi santimita 15, faɗi santimita 6, a manne da gefe. Bututun fitar iska faɗinsa santimita 15, kuma a zura shi ciki har ya kai daidai ƙasan ƙofar shiga, don kada iskar ta yanke hanya ta fice da dusarta. Bakin ƙasa, inda gari ke zuba, kimanin santimita 11.

Mai wannan girma zai dace da bututu mai inci 4 da fanka mai ƙarfin doki ɗaya da rabi zuwa biyu, ya yi wa inji ɗaya aiki a lokaci guda. Ana son iska ta riƙa gudun kusan mita 20 a daƙiƙa a cikin bututun, in ba haka ba dusa za ta kwanta a hanya. Don haka a gajarta bututu, a rage kwana, kuma kada a yawaita tiyo mai lanƙwasa.

Abu uku ne ke yawan ɓata aikin. Na farko, yoyon iska a murfin duro. Ko ƙaramar kafa ce, iskar da ke kutsowa ta nan za ta ɗaga garin ta mayar da shi sama, shi ya sa ake naɗa robar tsohuwar taya a bakin murfin a ɗaure tamau. Na biyu, barin duro ya cika har wuya. Na uku, tabon walda a cikin gangar, domin duk wani tudu yana karya juyin iska. Duron ƙarfe ya fi, saboda na roba marar kauri kan lotse idan zuƙa ta yi ƙarfi.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Mazurarin guguwa gwani ne wajen kama ɓawo da dusa, amma ƙura mafi laushi, wadda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya kuma take kaiwa can cikin huhu, wani kasonta na wucewa. Saboda haka iskar da ta fito kada a sake ta cikin shago. Ko dai a sa mata matata mai kyau, ko a fitar da bututun waje ta sama, nesa da tagar maƙwabta da masu sayar da abinci.

Mai guga kuma har yanzu yana buƙatar takunkumi na ainihi, irin N95 ko FFP2, wanda ya kama fuska sosai. Hankici ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura. A daina kaɗe jiki da iskar kwamfuresa, kuma a yayyafa ruwa kafin shara.

Sai batun wuta. Garin katako mai laushi, idan ya cika iska a rufaffen wuri ya haɗu da tartsatsi, fashewa yake yi. A watan Yulin 2015 mutum huɗu suka mutu a wata masana'antar niƙa katako da ke Bosley a Ingila. A shekarar 2012 ma masana'antun yankan katako biyu sun yi bindiga a yammacin Kanada, kowacce ta ci rai biyu. Ƙaramin shago bai kai wannan girma ba, amma kasuwannin katako na Kano sun sha ganin gobara. Kada a yi wasa wuƙa ko walda kusa da bakin bututu, kada a ajiye janareto kusa da duro, kuma a juye duron kowace yamma kafin a kulle.

Dusar ma kuɗi ce

Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk abin da zai ƙara wa janareto nauyi sai kafinta ya yi lissafi. Fankar na cin wuta, wannan gaskiya ne, amma ba sai ta wuni tana aiki ba. A kunna ta tare da inji, a kashe su tare.

A ɗaya ɓangaren, abin da ke taruwa a duro haja ce. Masu kiwon kaji na sayen ɓawon katako don shimfiɗa, kuma sun fi son busasshe marar yashi da ƙusa, irin wanda shara daga ƙasa ba ta bayarwa. Ga 'yan tsaki ɓawo ya fi dusa, domin sukan tsattsage dusar su ci. Dusar kuma na da masu murhun garin katako, wanda ya yaɗu a Najeriya lokacin ƙarancin kananzir na shekarun 1990. A yankin da ke maƙwabtaka da dajin Falgore, duk buhun dusar da ya dafa abinci ya rage itacen da za a saro.

Sharaɗi ɗaya ne: garin MDF da na katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara kada ya je ɗakin kaji ko murhu. Wanda ke aiki da su sai ya ware musu duro na daban.

Kafintocin da ke layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi a yi guda ɗaya a gwada a kan injin da ya fi tayar da ƙura, idan ya yi kyau sai mai waldar ya riƙe awon ya yi wa saura. Makarantun koyon sana'a irin Kwalejin Fasaha ta Bagauda da ke Bebeji ma aiki ne da ɗalibansu za su iya ɗauka.

Ga wanda ya riga ya daɗe a cikin sana'ar, akwai alamun da bai kamata a yi wasa da su ba. Tarin da ya wuce mako biyu na buƙatar gwajin tarin fuka, wanda kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Numfashi mai fito da ke tsananta a ranakun aiki ya kuma lafa ran Juma'a ko lokacin hutun Sallah, alama ce ta asmar da sana'a ke jawowa. Toshewar hanci ta gefe ɗaya da ta ƙi warkewa, musamman idan da haɓo, sai an ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuma idan an je, a gaya wa likita sana'ar da ake yi da yawan shekarun da aka yi a cikinta.