Mari ba ya cire tramol daga jiki

A Garuwa, da zarar yaro ya nutse cikin tramol, sai masu ba da shawara su yi wa iyayensa caa. Maganar da ta fi yawo ita ce a tsallaka da shi Najeriya, a kai shi gidan mari, zai dawo garau. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin raba shi da abokan shaye-shaye da mai sayar masa da ƙwaya a bakin tasha yana taimakawa. Amma a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata na zagayowa aka bankaɗo irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, har suna biyan kuɗi.

Jita-jitar da ta fi haɗari ita ce wai a yanke masa sha lokaci guda, ya sha wuya ya horu. Mai tramol zai yi fama da gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Wanda kuwa ya daɗe yana shan giya irin bilbil ko arki kullum, cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya fara kakkarwa, jijjiga da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. A gidan da babu likita, sai a ce aljanu ne. Addu'a tana ƙarfafa zuciya, ba mai musu, amma wannan matakin na asibiti ne. Shi ya sa ya fi kyau a fara da babban asibitin yanki na Garuwa, su duba shi, in ta kama su tura shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa irin na asibitin Jamot da ke Yawunde.

Masu tallar "wankin jini" na mako guda ma yaudara suke yi. Cibiyar NIDA ta Amurka ta ce jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake komawa ruwa. Don haka duk wanda ya yi maka rantsuwar warkewa har abada, aljihunka yake hange.

Kafin ka biya wani gidan jinya ko sefa ɗaya, je gidan ba tare da sanarwa ba. Nemi ganin ɗakin kwana, ka tambayi sunan likitansu da abin da suka tanadar wa yaro bayan sallama. In suka ce ba a ziyara, koma gida da ɗanka.