Tsutsar da Ke Hana Kifi Haihuwa

Tsutsar cikin kifi ba nama kaɗai take ɓatawa ba, wani jinsin nata kai tsaye yake nufar jakar ƙwai. A tekun duniya wadda ta fi suna wajen wannan ɓarna ita ce Filometra. Macen ja ce siririya kamar zare, tana iya kai santimita da yawa, namijin kuwa 'yan milimita ne, da ƙyar ido ke kama shi. Tana naɗewa a cikin jakar ƙwan kifi tana shan jini. Wurin sai ya kumbura, ƙwai ya motse, in ta mutu kuma gawarta ta daskare ta zama baƙin ƙullutu a inda ƙwai ya kamata ya cika.

Garuruwa irin su Bodinga da Shagari sun yi wa teku nisa ƙwarai, amma ruwan daɗi ma da irin tasa. Ligula farar tsutsa ce mai faɗi kamar tsumma, an san ta a jikin ƙananan kifayen Tafkin Biktoriya da na Tafkin Tana a Habasha. Ita ba ta ko taɓa ƙwan. Tana kwance a ramin ciki tana shanye abincin kifin, tana kuma dagula sinadaran jikin da ke sa ƙwai da maniyyi su nuna, sai kifi ya girma bai taɓa haihuwa ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne cikin yana tasowa tim, a ɗauka ƙwai ne, sai an tsaga a ga tsutsa ta cika shi.

Yadda take yawo shi ne abin lura. Ƙwanta yana faɗowa ruwa cikin kashin tsuntsu, ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye abin da ya ƙyanƙyashe, kifi ya ci ƙwarin, tsuntsu ya ci kifin. A hanjin tsuntsun take balaga cikin 'yan kwanaki. Kifin da ke ɗauke da ita ma yakan yi sanyin jiki ya riƙa yawo a saman ruwa, ya zama ganima ga mai dogon baki. Jar tsutsar da mai gyaran tarwaɗa kan tarar a naɗe cikin tsoka ko kayan ciki ita ma ta jikin tsuntsayen ruwa irin su zalɓe take bi. Tarwaɗar da tsutsa ta yi wa yawa tana shiga damina a rame, daidai lokacin da ruwa ke malala cikin ciyawar fadama, wato lokacin zuba ƙwanta.

A madatsar ruwa ta Shagari da tafkunan da ke janyewa da rani, kifi da tsuntsu suna matsuwa wuri guda, abin da tsutsa ke so ke nan. Masunci ko mai banda da ya watsar da kayan cikin kifi a bakin ruwa, abinci ya ajiye wa zalɓe, ya kuma mayar da tsutsar inda ta fito. Binnewa ko ƙonewa ya fi.

Mai kiwo a kududdufi yana da sauƙin katse zagayen. Ya shimfiɗa raga a sama don tsuntsaye, ya busar da ramin ya barbaɗa farar ƙasa kafin sabon zubi, kada kuma ya ɗebo iyayen kifi daga gulbi ya haɗa da nasa ba tare da ya ware su ya duba ba. Ga mai ci kuwa, cire kayan ciki da dafawa har naman ya nuna sosai suna kashe tsutsar.