Wayar Birkin Hannu: Rashin Ja Ke Kashe Ta

A tashoshin mota da kasuwannin ƙauye, da wuya tsohuwar akori-kura ta tsaya ba ka ga yaron mota ya diro da sauri ya cusa dutse ko gungumen itace ƙarƙashin taya ba. Ido ya saba da abin har ana ganinsa cikin ƙa'idojin tuƙi. Alhali dutsen nan shaida ne cewa birkin hannun motar ya daɗe da mutuwa, kuma galibi ba wani babban abu ya kashe shi ba, waya ce ta ci tsatsa ta cije.

Ba tirela ko tankar mai ake magana ba, domin su da iska da sifirin suke riƙe tayoyinsu. Ana maganar ƙananan motocin ɗaukar kaya ne, irin su tsohuwar Toyota Hilux, da Peugeot 504 akori-kura wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, da Ford ko Chevrolet da ake shigowa da su daga Amurka. A wasu, abin jan birkin hannu yana tsakanin kujeru. A tsofaffin Hilux zaro shi ake yi daga ƙasan sitiyari. A manyan na Amurka kuwa da ƙafar hagu ake taka shi. Amma da ka leƙa ƙarƙashin motar, duk tafiyarsu ɗaya: waya ce ta silin ƙarfe da aka murɗe, tana zamewa a cikin kwanso, irin ta birkin keke ko kulocin babur, sai dai ta fi su kauri. Wayar gaba takan taho har tsakiyar mota ta kama wani ɗan ƙarfe mai raba ƙarfin ja biyu, daga nan ja ya isa gangunan birki na tayoyin baya, ya buɗe ƙarafan nan biyu lanƙwasassu da makanikai ke kira layinin, su manne da ganga. Babu ruwan wannan hanya da man birki. Shi ya sa ranar da bututun mai ya fashe a gangara, ita ce za ta iya taimakon direba.

A bakin kwanson akwai 'yar roba mai hana ruwa shiga. Idan shekaru suka ja sai ta bushe ta tsage, ruwan damina da taɓo su samu ƙofa, ƙurar hunturu ta biyo baya. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka kumbura take yi a cikin kwanson har ta shaƙe wayar. Motocin da suka yi rayuwarsu ta farko a arewacin Amurka, Kanada ko Turai kafin su sauka a Kwatano ko Legas sun fi shiga wannan hali, domin can gishiri ake barbaɗa wa titi lokacin ƙanƙara. Sai ka ga jikin mota fes, ƙarƙashinta kuwa ya sha gishirin shekaru.

Duk da haka, babban mai laifi shi ne rashin ja. Wayar da ake ja kullum tana goge tsatsar da ta fara kama ta. Direban da ya saba barin mota a giya ya tafi abinsa, shi ke ba tsatsa lokacin da take buƙata. Akwai ma wata asarar da ba a cika lura da ita ba: a motocin Toyota da yawa masu ganga a baya, jan birkin hannu ne ke motsa abin da ke matso da layinin kusa da ganga yayin da yake cinyewa. In an daina ja, tazara ta yi ta ƙaruwa, sai birkin ƙafa ya fara nutsewa ƙasa, a yi ta ɗura mai ana fitar da iska, ciwon kuwa yana wani wuri.

Wayar takan cije ta fuska biyu. In ta cije a sake, abin ja zai yi tauri ya ƙi tasowa, ko ya taso mota ba ta riƙu ba. Wannan da sauƙi, tunda direba ya san ba shi da birkin hannu. Mai haɗarin ita ce wadda ta cije a ɗaure: ka saki abin ja, fitilar gaban direba ta mutu, amma layinin na nan manne. Mota ta yi nauyi, shan mai ya ƙaru, bayan 'yar tafiya ka ji ƙauri, ka kai hannu kusa da taya ɗaya ka ji tana huci. Zafin nan na iya narkar da giris ɗin boris, ya ƙona layinin, ya kuma tafasa man birki. Man DOT 3 sabo sai ya kai maki 205 a ma'aunin Selshiyos kafin ya tafasa, amma wanda ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa, ka taka birki ƙafarka ta tafi ƙasa.

Kafin a sayi komai, a tabbatar wayar ce. A ajiye mota a wuri mai daidai, a tare tayoyin gaba, a ɗaga baya a ɗora ta a kan matokarai masu ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle wadda birkinta ake kwancewa. A saki birkin hannu a juya kowace tayar baya da hannu. Wadda ta ƙi juyawa, can matsalar take. Sai a kwance notin da ke wurin rarraba ja, a kama kowace waya da filaya a ja a saki. Lafiyayya za ta zo ta koma da kanta. In wayar na tafiya sumul amma taya na ɗaure, a duba ɗan ƙarfen nan mai juyawa a bayan farantin birki, wanda a tsofaffin Toyota ya yi ƙaurin suna wajen cijewa. Shi wankewa da giris kawai yake so. Haka kuma motar da aka ja wa birki tayoyinta jiƙe aka bar ta ta daɗe, layinin kan manne da ganga, wannan ma ba laifin waya ba ne.

Nan ne ake samun saɓani da masu son sauƙi. Za a ce maka a cire wayar, a jiƙa ta a kananzir ko baƙin mai ta kwana, a yi ta ja da turawa har ta saki. Takan saki ɗin. Amma silin da tsatsa ta ci ba ya komawa, kwanson da ya tsage bai ɗinke ba, baƙin mai kuma ƙura yake tarawa. Wayoyi da yawa ma suna da rufin roba a ciki wanda mai ke iya kumbura shi. A ganina wannan dabarar ta isar da mota gida ce kawai. In ka ga kwanso ya kumbura ko ya fashe, ko sili ko da ɗaya ya tsinke, a canza. Ɗaure tsinkakkiyar waya da ƙulli ko yi mata walda kuwa yaudarar kai ce, domin zafin walda na kashe ƙarfin silin. In kuma wayoyin baya biyu ne, a canza su tare, shekarunsu ɗaya.

Wajen saye, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Fanteka a Kaduna, tafi da tsohuwar a hannu. Ta dama da ta hagu sukan bambanta a tsawo, mota mai doguwar baya ba wayarta ɗaya da gajeriya ba, kawunan ma iri-iri ne. Wayar da aka ciro daga wata tsohuwar mota tana iya zuwa da irin ciwon da kake gudu.

Aikin kansa ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. In ganga ta ƙi fita, a sassauta layinin ta 'yar kafar da ke bayan faranti maimakon a hau ta da guduma. Gangunan Toyota da yawa suna da ramuka biyu masu zare, inda ake ɗaura kusoshi masu kaurin milimita 8 su turo ta waje. Kada a hure ƙurar ciki da baki ko da iska, domin tsofaffin layinin kan ƙunshi asbestos mai illa ga huhu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. A ɗauki hoto da wayar salula kafin a taɓa sifirin ko ɗaya, a kuma gama gefe ɗaya kafin a buɗe ɗayan, don ya zama abin dubawa. Sabuwar waya ta bi sawun tsohuwa, a mayar da duk maƙalanta, kada ta kusanci salansa, kada ta gogi sifirin ɗin baya, a kuma bar mata ɗan sako-sako saboda hawa da saukar da baya ke yi in an yi lodi.

Kuskuren da ya fi yawa a saiti yake. Ana fara saita layinin da ganga tukuna, sannan a ɗaure notin waya. Wanda ya tsallake na farko ya yi ta ɗaure noti don abin ja ya yi tauri, ya mayar da motar cikin ciwon da aka fito, birki na goga ana tafiya. Adadin ƙas-ƙas ɗin da abin ja zai yi kafin ya riƙe ya danganta da irin motar, yana cikin littafinta. Abin da ba ya canzawa shi ne: in an ja, tayoyin biyu su ɗaure, in an saki, su juya ba gogayya.

Sai gwaji. Ƙa'idar Amurka ga motocin da nauyinsu da lodi bai wuce kilo 3,500 ba ita ce birkin hannu ya riƙe su minti 5 a gangarar da ke sauka mita 20 cikin kowane mita 100, ko sun fuskanci sama ko ƙasa. Nemi gangara mara cunkoso, cire giya, ja birkin, ɗaga ƙafarka a hankali tana dab da birkin ƙafa. Ka juya motar ka sake. Bayan tafiyar kilomita kaɗan ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowace tayar baya, in ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi, a koma a sassauta noti.