Shin Wayar Android Na Buƙatar Antivirus?

Wasu sun ɗauka virus matsalar kwamfutar Windows ce kaɗai. Wasu kuma da zarar sun sayi sabuwar waya sai su cika ta da manhajojin antivirus. Duka biyun akwai gyara.

An gina Android ne a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Shi kuwa Linux ya bi tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙirƙiro a Bell Labs da ke Amurka a 1969. iPhone da Mac ma 'yan gidan Unix ne. Tun asali an tsara Unix don mutane da yawa su yi aiki da kwamfuta ɗaya, saboda haka kowa da iyakarsa. Mai cikakken iko ɗaya ne, shi ake kira root.

Wannan dabarar Android ya ɗauka. Kowace manhaja tana da lambar shaidarta da ɗakinta, ba ta leƙa ɗakin wata. Kafin ta taɓa kyamara, saƙonni ko lambobin waya, sai mai wayar ya ba ta izini. Ita kanta antivirus a irin wannan ɗakin take, shi ya sa ba ta iya bincike mai zurfi kamar yadda take yi a Windows. Ga kuma Play Protect da Google ya fito da shi a 2017, wanda ke duba manhajoji kyauta.

Sai dai tsarin ba ya hana ɓarna idan an bar ƙofa a buɗe. A 2016, muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet masu amfani da Linux, don kawai masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. Da su aka kai harin da ya hana mutane da yawa shiga Twitter da Netflix a watan Oktoba na shekarar.

A waya ma yawanci mai ita ne ke buɗe ƙofar. Ga abubuwan kiyayewa:

1. A sauke manhaja daga Play Store. Fayil ɗin APK da aka turo ta Xender ko WhatsApp, irin su GBWhatsApp, babu tabbacin abin da aka cusa a ciki.
2. A duba izini. Manhajar tocila ba ta da hurumin karanta SMS, inda banki ke turo lambar OTP.
3. Kada a yi rutin ɗin wayar da ake harkar banki da ita, domin yana rushe katangar da ke tsakanin manhajoji.
4. A riƙa sabunta waya da zarar sabuntawar tsaro ta iso.

Antivirus daga sanannen kamfani na iya taimakawa wajen gano manhajar da aka riga aka san sharrinta. Amma ba za ta ceci asusun wanda ya miƙa izini da hannunsa ba.