Tafarnuwa da bagaruwa za su iya maye gurbin kafso a abincin bisashe?

Duk wanda ke cin kasuwannin Jibiya, Illela, Maigatari ko Birnin Ƙonni ya saba ganin magungunan dabbobi shimfiɗe a rana. Makiyayi ya saya, mai kiwon kaji ya saya, a zuba cikin dusa ko ruwan sha, ko da dabbar lafiyarta lau, wai don ta yi saurin ƙiba.

To, jama'a, a nan gizo ke saƙar. In ana ba dabba maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan-kaɗan kullum, ƙwayoyin da suka tsira sai su saba da shi. Daga nama, madara da kashin dabba suna iya kai wa ga mutum, ranar da ya kwanta ciwo kuma magani ya ƙi ci. Wani babban bincike ya nuna a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda wannan matsala, kuma in an dubi yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi ko'ina jin jiki.

Ƙasar Suwidin ta hana zuba irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙiba tun 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006. A 2017 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta nemi a daina ba dabba mai lafiya su.

Shi ya sa masana suka juya ga tsirrai. Tafarnuwa, kanumfari da citta suna da sinadaran da ke rage ƙarfin wasu ƙwayoyin cuta. 'Ya'yan bagaruwa da majemanmu ke jima da su suna da sinadari mai ɗauri da ake gwadawa. Ganyen zogale kuwa yana ƙara wa abinci gina jiki.

Amma mu yi hattara. Sakamakon gwaji yana bambanta, kuma bagaruwa in ta yi yawa tana rage wa dabba cin abinci. Tsirrai na iya taimaka wa dabba mai lafiya, amma wadda ta kamu sai likitan dabbobi.

Kiranmu ga 'yan kasuwa da dillalai: in an yi wa bisa allura, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a sayar wa mahauta ko a kai nononta kasuwa. Naman da muka tura ƙetaren iyaka, irinsa ne ke shiga tukunyar gidajenmu.