Shin Ƙarin Gas Yana Gyara Firij Har Abada?

'Yan'uwa, daga watan Maris zuwa Mayu zafi a yankin Gwandu da Kalgo yakan wuce digiri 40. A lokacin ne mata masu sayar da ƙanƙara, zoɓo, kunun aya da ruwan leda suke samun ciniki, a lokacin ne kuma firij da firiza suka fi ba da wahala. Da zarar sanyi ya ragu, maganar da muka fi ji ita ce, "Gas ya ƙare, a ƙara." A biya kuɗi, sanyi ya dawo, bayan 'yan makonni a koma gidan jiya. Muna so mu bayyana dalili, domin kada jarin iyali ya ƙare a wurin gyara.

Gas ba man fetur ba ne

Babur yana ƙone mai, shi ya sa ake ƙara masa. Firij ba ya ƙone gas ɗinsa. Gas ɗin yana rufe cikin bututu, yana zagayawa kawai. Kwamfiresa, wato baƙin injin nan da ke ƙasa ta baya, ita ke tura shi. Idan ya shiga bututun ciki sai ya kwashi zafin kayan da aka ajiye, idan ya fito bututun waje sai ya saki zafin. Firij mai lafiya yana iya yin shekaru fiye da 10 da gas ɗin da ya zo da shi daga kamfani.

Saboda haka idan gas ya ragu, akwai yoyo. Ba wanda zai yi ta ba tayar keke iska kowace safiya ba tare da ya je wurin mai faci ba. Haka firij yake.

Me ke kawo yoyo?

Na farko, kankare ƙanƙara da wuƙa. Bututun ciki siriri ne, tsini kaɗan ya isa ya huda shi. Na biyu, tsatsa, musamman idan firiza tana zaune a ƙasa mai danshi. Na uku, jijjigar mota a hanyar ƙauye, wadda ke tsinke wurin walda.

Barin yoyo yana da haɗari. Gas ɗin da ke komawa cikin kwamfiresa shi ke sanyaya ta. Idan ya yi kaɗan, za ta yi ta aiki ba hutawa, ta cinye man janareto, ta yi zafi har ta ƙone. Iska da danshi kuma suna shiga ta ramin, su ɓata man injin, su toshe siririn bututu. Kuɗin sabuwar kwamfiresa ya fi na toshe yoyo nesa ba kusa ba.

Ba kullum ne laifin gas ba

Kafin a yi maganar gas, a duba robar bakin ƙofa ko ta saki, a share ƙurar hunturu da ta lulluɓe bayan firij, a janye shi daga jikin bango. Wani lokaci wuta ce ba ta da ƙarfi, ko na'urar daidaita sanyi ta mutu, ko 'yar na'urar da ke tayar da kwamfiresa.

Abin da za mu nema wurin mai gyara

1. Ya nemo yoyon ya nuna mana. Ruwan sabulu yana kumfa a wurin, sau da yawa kuma akan ga maiƙo.
2. Ya yi walda, ya canja ƙaramin matacin da ke tsotse danshi.
3. Ya zuƙe iskar ciki da injin zuƙa kafin ya zuba gas.
4. Ya zuba irin gas da yawan giram da aka rubuta a jikin firij.

Batun iri yana da muhimmanci. Tsofaffin firij suna amfani da R12, wanda Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana ɓata rufin sama da ke kare mu daga zafin hasken rana. Wa'adin ƙasashe irin Nijeriya ya cika a 2010. Bayansa R134a ya zo, yanzu kuma sababbi da yawa suna da R600a, wanda yake kama wuta. Kada a gauraya su, kada kuma a yarda a zuba gas ɗin girki.

Idan yoyon yana cikin bangon firij inda hannu ba ya kaiwa, ko an zuba gas sau biyu bai zauna ba, a zauna a yi lissafi. Tara kuɗin ta hanyar adashi don sayen wani zai fi.

Masu kula da ɗakunan shan magani su lura sosai. Yawancin alluran rigakafi suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Firij mai yoyo ba wurin ajiye su ba ne, ko da an ƙara masa gas jiya.

A gida kuwa, mu kashe firiza mu bar ƙanƙara ta narke da kanta. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, mu jira minti 5 kafin mu kunna. Mu karanta wannan ga maƙwabtanmu da ba su iya karatu ba.